Gangunan da Na Binne a Gonar Baba

Shekarun baya, zamanin da ruwan madatsar Bakolori ya fara bin sababbin hanyoyinsa yana shiga gonaki, na yi aikin kula da wani ƙaramin sito a wani ƙauye cikin ƙasar Maradun. Takin zamani muke ajiyewa, da iri, da maganin ƙwari a cikin manyan gangunan ƙarfe. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga sabon keke, ga biro biyu a aljihun gaba, don haka a ganina ba abin da ya raba ni da gwamna sai nisan gari.

Filin da aka gina siton gonar wani dattijo ce. Gonakinsa na fadama ruwa ya cinye su, wannan kuwa aro aka karɓa, da alkawarin za a mayar masa in an gama. Duk da abin da ke cin ransa, bai taɓa haɗa ni da fushinsa ba. Baba nake ce masa. Kullum da hantsi sai ya biyo mu gaisa, ya tambayi mutanen gidanmu na Bakura ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, da azahar kuma matarsa ta aiko mini da fura. Shekara biyu ina shan furar gidan nan.

Sai takarda ta zo cewa a rufe siton, a kwashe komai zuwa Talata Mafara. Motar da aka turo ta ɗauki kaya tsaf, ban da ganguna biyar na maganin ƙwari da suka yi tsatsa. Gindinsu na tsiyaya, warinsu kuwa in ka matso sai idonka ya kawo ruwa. Direban ya toshe hanci ya ce shi kam ba ya ɗaukar wannan masifa, gobe hatsi zai yi lodi, in nemi wata mota. Neman wata mota kuwa zaman mako guda ne ko fiye. Ni kuma matata ta haihu a Bakura, ɗanmu na fari, jibi suna.

Akwai abokina mai tuƙa katafila, yana gyaran hanya kusa da mu. Ranar Juma'a ce, mazan ƙauyen duk sun tafi masallaci a garin da ke gaba. Na je na same shi na ce ya taimaka ya haƙa mini rami a bayan siton. Ya dube ni, ya dubi gangunan.

"Ka tabbata wannan ba zai jawo magana ba?"

"Haba," na ce masa, "mene ne ƙasa ba ta ci?"

Kafin masallata su dawo har mun tura su ciki, mun rufe, ya bi da katafila ya daidaita wurin kamar ba a taɓa shi ba. Na sa hannu a takarda cewa an kwashe komai. Na hau kekena na tafi suna, aka yanka rago, aka yi ta yi mini barka.

Bayan an rushe siton aka mayar wa Baba gonarsa. Ni kuma aka ɗauke ni zuwa ofis a Mafara. Damina ta farko dawar Baba ta fito da kyau ta gaba, amma ta baya ta yi rawaya ta kwanta. Ya ce ƙila ƙasar ce ta gaji da nauyin gini. Da rani ya haƙa 'yar rijiya a can bayan don ya gwada albasa. Tumakinsa suka sha ruwan, uku suka mutu cikin kwana biyu. Matarsa da ta yi wanki da shi, fatar hannunta ta yi ta saɓulewa kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

A ƙauye abu irin wannan ba ya zama ba bayani. Wani mai duba ya gaya wa Baba cewa an binne masa wani abu a gonar. Ka ji inda ƙarya ta yi karo da gaskiya. To, ta wannan gefen gonar ƙanensa ce ke iyaka da tasa, kuma dama sun taɓa ɗan saɓani a kan iyakar. Sai zargi ya faɗa kan ƙanen. Magana ta yi tsami, aka kai gaban mai gari, aka yi rantse-rantse. Daga ƙarshe ƙanen ya kwashe iyalinsa ya koma Tsibiri wurin dangin matarsa. Uwa ɗaya uba ɗaya, suka daina ko gaisuwar Salla.

Duk wannan a bakin Baba na ji shi. Ranar Talata in ya shigo kasuwa sai ya biyo ofishinmu, mu zauna a gindin dalbejiya ya yi ta ba ni labari. Ni kuwa sai in girgiza kai in ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba." Har shawara na ba shi, wai ya ƙara takin gida. Damina uku ina wannan girgiza kai. Na riƙa gaya wa kaina cewa ƙila ba gangunan ba ne, ƙila ruwan sama zai wanke, ƙila 'yan'uwan za su shirya da kansu. Mutum in yana tsoron rasa aikinsa, ba ya rasa "ƙila".

Ana nan sai gwamnati ta ba da umarni a bi duk wuraren da aka taɓa ajiye magani ko man injuna a lokacin aikin, a auna ƙasarsu. Wanda aka ɗora wa aikin a yankinmu wani dattijon ma'aikacin lafiya ne, Kirista, ya daɗe a Mafara tun yana duba-gari, Hausarsa har ta fi tawa karin magana. Ni aka haɗa shi da ni, don a cewar manyanmu ba wanda ya san wuraren kamata. Tun a mota ya yi mini bayani: inda aka samu guba, gwamnati za ta kwashe ƙasar ta gyara wurin, inda ba a samu ba, a rufe takardarsa, shi ke nan.

Da muka isa, Baba ya tarbe mu da murna, aka yi doguwar gaisuwa, aka shimfiɗa tabarma. Jami'in ya fito da kwalabensa da wani dogon ƙarfe na huda ƙasa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, lokacin da kake nan, an taɓa zubar da wani abu, ko a binne?"

"A'a, yallaɓai. An kwashe komai."

Ban tsaya nan ba. Na ja shi zuwa gaba, inda daɓen siton yake a da, nesa da ramin, na ce nan ne aka fi ajiye kaya. Ya huda nan, ya huda can, ya cika kwalabe da ƙasa mai lafiya. Jami'in ya hango inda shukar ta yi rawaya, ya tambaya ko can ma an ajiye wani abu. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni.

"Yallaɓai, wanga yaro ɗana ne. In ya ce babu, to babu. Can baya wata magana ce ta gida."

Jami'in ya rufe akwatinsa. Baba ya rako mu har mota, sai ya tambaya, in ba a samu komai ba fa? Aka ce masa sai a rubuta gonar lafiya lau take. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "To, ashe dai aikin ƙanena ne."

Muka kama hanya. Ina zaune a baya, akwatin kwalaben na bugun ƙafata. Wajen Kaya na ji ba zan iya ba, na ce direba ya tsaya. Na fita na tsuguna a bakin hanya. Jami'in ya fito ya tsaya a kaina. A nan na gaya masa komai, da ranar, da yawan gangunan, da dalilina na banza.

Bai yi mini tsawa ba. Ya cire tabaransa ya goge, ya ce, "Na ji. Amma ni ba gonata ba ce. Direba, juya motar."

Ban taɓa ganin hanya mai gajarta kamar wannan ba. Muna isa mutane suka taru, don sun ga mota ta dawo. Jami'in ya miƙo mini dogon ƙarfen nan ya ce in nuna. Na taka daga kututturen wata bishiya da na tuna, na je tsakiyar wurin da ya yi rawaya, taku kaɗan daga rijiyar, na kafa shi. Sannan na faɗa da bakina, a gaban kowa.

Baba ya daɗe yana kallon ƙarfen. Da ya ɗago, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar, Baba."

"Duk Talatar da nake zuwa wurinka?"

Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandarsa, da na ji sauƙi. Sai kawai ya juya ga jami'in ya ce, "Gona kun ce gwamnati za ta gyara. Ƙanena fa, wa zai gyara mini?"

Aikin gyaran ya ɗauki lokaci. Aka zo da ma'aikata masu dogayen takalman roba da safar hannu, hanci a rufe. Da aka tono gangunan, biyu sun riga sun ruɓe, ƙasar da ke kewaye da su ta yi baƙi tana maiƙo. Aka sa su cikin wasu sababbi aka tafi da su. Tifa ta yi ta jigilar ƙasar, rami ya yi zurfin da namiji zai tsaya ba a ga kansa ba, sannan aka kawo wata daga nesa aka cike. Rijiyar aka toshe ta da siminti, aka haƙa wa unguwar wata can gaba. Aka kewaye wurin da waya, aka hana shuka da kiwo, aka ba Baba aron wani fili a bakin hanyar ruwa ya riƙa nomawa kafin nan. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, aka rage mini matsayi. Jami'in ya roƙa kada a kore ni, amma ya sa sharaɗi: kullum ina wurin, tun daga tifar farko har ta ƙarshe. Haka na tsaya cikin rana, matan ƙauyen na wucewa suna nuna ni da baki.

Ana cikin aikin, wata safiya Baba ya zo ya ce in taso. Muka taka da ƙafa har Tsibiri, yana gaba ina baya. Muka sami ƙanensa a ƙofar gida yana gyaran galma. Baba ya yi sallama, ya ce mini, "Faɗa masa." Na durƙusa na sake faɗa tun daga farko. Ƙanen bai ko dubi inda nake ba. Yayansa yake kallo. Baba ya cire hularsa, tsoho da furfura, ya ce, "Na zalunce ka. Ka yi hanƙuri, don darajar wadda ta haife mu." Ƙanen ya tashi ya shiga gida. Na ɗauka shi ke nan. Can sai ga shi da kwanon ruwa, ya tsuguna ya miƙa wa yayansa. Sun shirya, amma ƙanen bai koma ƙauyen ba har ya bar duniya. Ya ce ya riga ya saba da inda yake.

Jami'in ya ci gaba da zuwa da kwalabensa duk bayan 'yan watanni, ko da ruwa ko da rana. Sai a shekara ta uku ya sa hannu cewa a cire waya a yi shuka. Baba bai ga ranar ba. Ya rasu wata biyu kafin nan. Na samu zuwa gaishe shi yana kwance, ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma na san da gaske yake. Sai dai yafiyar mutum ba ta goge abin da kai ka sani game da kanka.

Yanzu da na tsufa, in na zauna ina tunani, ba ranar da na binne gangunan ce ta fi damuna ba. Wannan wauta ce ta awa ɗaya, ta yaro mai gaggawa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne shekaru ukun da na yi ina kallon mutumin kirki yana neman amsar da ke cikin bakina. Ita ƙasa, na gani da idona, in hukuma ta tsaya da gaske, ta samu mutum mai amana irin jami'in nan, ana iya kwashe ta a kawo wata. Shekarun da 'yan'uwa suka yi ba sa ga maciji kuwa, ba tifar da za ta dawo da su.

Jikokin Baba ne ke noma gonar yanzu, albasa suke yi, kuma tana kyau. Kwanakin baya a kasuwar Mafara na tsaya sayen albasa, sai matashin da ke sayarwa ya ƙura mini ido, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ai ya gane ni. Ya juya yana gaya wa na kusa da shi, "Wanga tsoho shi ne ya tsaya aka gyara gonar kakanmu. An ce kullum yana wurin, cikin rana."

Na ce, "A'a, ɗana. Ni ne na ɓata ta."

Ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne, har ya ƙara mini manya guda biyu a leda. Na tsaya riƙe da ledar, mutane na ture ni suna wucewa. Sannan na ajiye ta, na jawo wani benci na zauna kusa da shi, na ce ya ba ni aron kunnensa, labarin yana da ɗan tsawo.