Akuyar Da Na Aika Sabha

Wata biyar da kai ni ɗakina, a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, maigidana ya ɗauki jaka ya tafi Libiya. A shekarun nan saurayin da bai je Libiya ba ba ya ɗaga murya a majalisa. Ya ce shekara biyu zai yi. Bai cika wata da tafiya ba na gane ina da ciki.

Cikin fari kuwa a wurinmu ba abin faɗa ba ne. Ko uwarki ba kya gaya wa, sai dai ta gani da idonta. To ni wanda nake so ya gani yana bayan hamada, a Sabha, yana kwaɓa siminti. Tsoro nake ji ƙwarai, ban ɓoye wa kaina ba. Ina so ya dawo kafin in haihu, kuma ban san ta inda zan ɓullo wa maganar ba.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, ina iya rubuta wasiƙa. Shi ne bai iya karatun boko ba, sai ya kai wa wani ƙato ya karanta masa da ƙarfi. Saura kaset, wadda ita ce wayar mutanen lokacin. In an ji mai tafiya, sai a aro rediyo mai ɗaukar magana, gida duka a taru kowa ya zuba nasa.

Aka ji wani mutumin Sassumbrum zai tashi, sai surukata, wadda nake ce wa Inna, ta aika wa mushen lakwal, malamin makarantarmu ke nan, don shi kaɗai ke da irin rediyon. Ya zo da wata kaset ta waƙar jam'iyya, ya ce sabuwa ba ta samu ba. Lokacin jam'iyyu sun fito kamar fara, kowacce na rabon kaset da atamfa. Baffan maigidana, wanda yake ɗan wata jam'iyyar daban, ya ce shi ba zai ɗora muryarsa a kan wannan shirme ba. Mushe ya yi masa bayani cewa duk inda muryarsa ta hau, waƙar ta goge ke nan har abada. Baffa ya gyara zama ya matso. Shi kaɗai ya cinye rabin fuska ɗaya ta kaset ɗin, har labarin farashin gyaɗa sai da ya bayar.

Sai Inna ta karɓa. Ta ce, “Kana lafiya?” Ta yi shiru. “Ya gajiya?” Ta sake yin shiru.

Mushe ya ce, “Inna, ki ci gaba, ai ba zai amsa ba.”

Ta ce, “Mushe, ni na haife shi. Zai amsa.”

Kafin a zo kaina zaren kaset saura kaɗan, ga idon gida duka a kaina. Na ja lulluɓi na rufe fuska, na faɗi abin da na kwana uku ina shiryawa: “Ana gaishe ka. ’Yar akuyar da ka bari a gida ta ɗauki ciki. In da hali a zo a gani.”

Na ji daɗin dabarata sosai. Akuya ɗaya ya bari, tsohuwa tukuf, haƙoranta sun zube, ta yi shekaru rabonta da haihuwa. Na tabbata duk mai hankali zai gane ba ita ake nufi ba.

Bayan wata biyu amsa ta iso. Aka sake taruwa, mushe ya kunna. Maigidana ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Inna duk gaisuwarta ya amsa a wurin da ta bar masa. Inna ta kalli mushe, mushe ya kalli ƙasa. Sannan ya zo kan tawa maganar.

“Batun akuya kuwa, ikon Allah ya fi haka. Baffa, don Allah a kai ta kasuwar Dungas tun cikin bai zube ba, mai ciki ta fi daraja. Ko ’yan ƙetare ne suka taya, a sallama musu.”

A bayansa ana jin abokan ɗakinsa suna cewa ƙwarai kuwa, shawara ta yi. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige, amma haushi ya fi kunyar yawa. Wai ni za a kai Dungas.

Baffa har ya fara tambayar igiya. Inna ta tashi ta je turke, ta lallatsa cikin akuyar nan, ta dawo ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Ina jin ta daɗe da sani, ranar ce dai ta gane da wa nake fama. Ta ce wa Baffa, “Malam, bar igiyar nan. Wautar dai ta gidanku ce, ba a wurina ya sha ba.”

Ranar kasuwa, da maza suka watse, ta sake kiran mushe. Ta sa ya ajiye rediyo a ɗakina, ya danna, ya fita. Ta ce mini, “Ke, ɗan nan nawa ba ya jin zaurance. Faɗa masa da Hausa.” Ita ma ta fita ta zauna a bakin ƙofa da tsinken tsifa, tana korar duk wadda ta doso.

Na kai bakina dab da rediyon na ce, “Ba akuya ba ce, ni ce. Ina da ciki. Ka dawo.”

Ban taɓa yi wa namiji magana tsirara haka ba. Ina gamawa na ja da baya na zauna a bakin gado, sai kuka ya zo. A zatona abin ba ya ɗaukar magana sai an kai baki kusa, kuma ba wanda ya nuna mini inda ake kashewa. Na yi kukana mai isata, na face hanci, na ce masa shashasha, na ce mai kan jaki. Daga nan na yi abin da matar kirki ba ta yi a garinmu, na kira sunansa na yanka, a fili, ni kaɗai a ɗaki. Zare kuwa yana ta juyawa har ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

Kwana huɗu da haihuwata maigidana ya iso, ya yi baƙi ya rame, ƙafafunsa duk sun faffashe. Bai samu haihuwar ba, amma ya samu suna. Sai da na gama wankan jego ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce su goma sha ɗaya ne a ɗakin da aka kunna. Da na ce ni ce, ɗaki ya kaure da dariya, har da masu dukan bayansa. Da aka fara jin kukana, sai babbansu ya tashi ya sa takalmi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi da rediyo.

Ya ce, “Zagin duk na ji, na kuma karɓa. Amma da na ji sunana a bakinki, washegari na nemi mota.”

Na ce ƙarya yake yi, ni ban kira sunan kowa ba, ƙarar iska ce ya ji. Shekara talatin da ɗoriya muka zauna, duk sanda ya tayar da zancen sai in musa, shi kuma ya yi dariya ya bar ni. Kaset ɗin tana cikin akwatinsa, amma har ya rasu bai taɓa ɗauko ta don ya ci gardama ba.

Na kira, sau biyu ma.