Tsohuwa a Ƙafar Sarkin Lanka

A filin bikin Dasara na mabiya addinin Hindu, a garin Ajmer na Indiya, wata tsohuwa 'yar addinin Jain, wanda ya hana kashe ko da ƙwaro, tana durƙushe gindin mutum-mutumin sarkin Lanka na labaran da, wanda za a ƙona da magariba. Tana share tururuwa daga ƙafarsa da gefen farin mayafinta. Da gani, ba bana ta fara ba.

"Iya, matsa," in ji mai cinna wutar. "Mugu ne, matar mutane ya sace."

"Ya sace, yana can wuta yana biya," ta ce. "A namu labarin zai fito, a sake haifarsa waliyyi. Ku ne ba kwa yafiya. Tururuwan nan fa, matar wa suka sace?"

Ya ɗaga galan ɗin kananzir. Ba ta matsa ba.