Jinin Mai Tarko

Shekara goma sha tara Mai Tarko ya yi yana kamo wa ɗakin gwaje-gwajen da ke bayan tsohon asibiti ƙananan dabbobi. Ɓera, jaɓa, gafiya, wani sa'in har jemage. Da sassafe yake fita da buhunsa, ya bi magudanan ruwa da bayan shagunan hatsi yana kwance tarkunan da ya ɗana, da hantsi ya jera kamun a kan teburin ƙarfe. Daga nan Likita, wata doguwar mata mai tabarau wadda ke shugabantar aikin, za ta sa a yanki 'yar tsokar hanta, a zuba a kwalba, a manna lamba, a jefa a firiza.

Ya taɓa tambayarta me ake nema. Ta ce ƙwayoyin ciwon hanta ma dangi gare su kamar mutane, akwai kakanni akwai jikoki, kowace dabba da irin nata. So suke su san wa ya haifi wa.

Da ya ba matarsa labari, sai ta riƙe haɓa. "Baban yara, mutane na kiwon awaki kai kana hidimar jaɓa. Wanke hannun nan kafin ka taɓa min kwano."

Shi ke wanke farantan aikin, don haka idonsa ya san hanta kamar na mahauci. Shi ya fara lura cewa ta ɓerayen bayan injin niƙa ta fi duhu, ga ɗigo-ɗigo. Sau uku yana faɗa kafin a saurare shi. Da aka duba, sai ga wani reshen ƙwayar da ba a taɓa gani ba. Baƙi suka zo daga nesa, aka yi jawabi, aka yi tafi. Shi kuwa an aike shi ɗauko kujeru, kafin ya dawo an gama ɗaukar hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Safar hannu takan ƙare a yi wata biyu ba a kawo ba, aiki kuma ba ya tsayawa. Cizo nawa ya sha, shi kansa bai sani ba. Wata safiya matarsa ta dube shi ta ajiye tsintsiya.

"Idonka ya yi ɗorawa."

Ya ce gajiya ce. Bayan mako guda ko buhun ba ya iya ɗagawa.

Likita da kanta ta ɗebi jininsa. Bayan kwana huɗu ta kira shi ofis, ta ba shi kujera, abin da ba ta taɓa yi ba. Fuskarta ya duba, ya ga tana ta ƙoƙarin ɓoye murna.

"Baba, abin da ke jikinka ɗan'uwan na ɓerayen nan ne. Ba mu taɓa samunsa a mutum ba a nan."

"To ranki ya daɗe, maganin fa?"

Ta gyara tabarau. Ta ce su bincike suke yi, magani sai asibiti. Ta miƙo takarda ya dangwala yatsa, aka ƙara ɗibar jininsa kwalba uku.

Wata shida ya yi yana jinya, babbar 'yarsa ce ta dawo gida tana taya uwarta. Ya tashi, amma ƙarfin bai dawo ba. Ranar da ya lallaɓa ya koma wurin aiki, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya ce aikin ya ƙare, an kwashe firizojin a mota, Likita ta samu babban matsayi a wani wuri.

"Ba ta bar min saƙo ba?"

"Ta ce a gaishe ka."

Yanzu a ƙofar shagon ɗinkin 'yarsa yake wuni, ƙafafu a kumbure, yana warware mata zare. In wani ya tambaye shi aikin da ya yi a da, cewa yake yi gadi ne.