Kokowar da Wana Ya Kawo Agadas

Da wana ya dawo daga Jado da ɗan abin da ya samu a ramin zinariya, bai sayi mota kamar kowa ba. Shi suna yake so, a ce ɗan gidanmu ne ya kawo babbar kokowa Agadas. Ya kama fili, ya buga tiken shiga, ya aika a ɗauko wani ƙaton ɗan kokowa daga kudu.

Sai ya sa kawunmu tsaron ƙofa. Kawu kuwa bai iya duban idon wanda ya sani ya ce masa ya biya ba, kuma a garin nan ban san wanda bai sani ba. Duk wanda ya ce "Kawu, ina wuni?" ya shige, da surukinsa da maƙwabcin surukin. Kafin la'asar fili ya cika da dangi, masu tike suna waje cikin rana. Ƙaton kuma motarsa ta lalace a Aderbissinat. Aka samu mahauta biyu suka riƙe juna har magariba, ba wanda ya faɗi.

Ni abin dariya ya ba ni. Na ɗauki bidiyon wana a waya yana gudu da babbar riga, hula ta faɗi, yana ba masu tike haƙuri. Na tura wa abokaina huɗu.

Kwana biyu bidiyon ya kai Yamai da Damagaram. Waɗanda suka biya tuni sun huce sun koma kasuwa. Masu zafin rai su ne waɗanda ba su taɓa taka Agadas ba. Aka sa wa gudun wana kiɗa. Wani mai sharhi har ya ce abin ya nuna halin da ƙasa take ciki. Ba ruwan kowa da kokowa. Daɗin shi ne a ga talakan da ya yi arziki jiya ya sha kunya, kuma wannan kallon kyauta ne.

Wana ya daina fita majalisa, sallah ma a gida yake yi. Na ji kunya, amma ba ta kai in buɗe baki ba.

Ran nan ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Kai ka san kan wayar nan. Bincika mini wanda ya fara turawa. Ba faɗa zan yi ba, so nake in san wanda zan daina gaisarwa."

Na ce, "To, Yaya."

Har yau, in mun zauna cin tuwo, yakan tambaye ni ko na samu labari.