Almu Wanzami da Matar Cikin Hoto

Almu ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, saboda haka ina da hurumin faɗin kome a kansa. Wanzami ne a Matameye, gado ya yi. Kakanninsa sun tsaga kumatun rabin ƙasar nan, shi kuwa ya tashi ya tarar an daina tsaga, sai aski da ƙaho. Askin ma samari sun koma gun masu mashin ɗin aski. Yana yini gindin iccen bedi da zabirarsa, yana wasa askar da ba ta dakushe ba.

Bara Anisa, 'yar ƙanwarsa mai karatu a Yamai, ta zo hutu da hoto a salula. Wata Ba'amurkiya ce ta ba ta. Hoton kakar kakar Ba'amurkiyar ne, tsohuwar da aka kai can bauta tun tana yarinya, aka sake mata suna, ta mutu ba a san garinsu ba. Abin da ya rage sai tsaga a kumatu. Almu ya duba, ya miƙe tsaye a gaban duk majalisa.

"Wannan askar gidanmu ce. Ku duba yadda bakin layin ya lanƙwasa. Tamu ce, kuma sai na samo sunanta na yanka."

Na ce, "Kai da ka mance sunan matarka ran sallah?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Tun ran nan abin ya zame masa ciwo, don in ya kasa, har abada shi ne wanzamin da ya yi wa hoto ƙarya.

Ya hau moto, wato babur, ya bi Kance, ya bi Icirnawa, ya bi Dawce. Ni ke bayansa, na sha rami har ƙashin bayana ya koma wuyana. Tsofaffi maza sukan jero maka uba da uban uba har ka yi gyangyaɗi, amma da ka ce mace sai su ce, "To, ita dai an ce akwai ta." Damina ta wuce, moton ya mutu, Almu ya rame har rigarsa ta fara tafiya ita kaɗai.

Ashe zancen na cikin gida. Kakarmu Iya Shekara, wadda ta girmi kukar kasuwa, ta ji muna gunaguni ta ce ai an taɓa sace wata yarinya a gidan nan a bakin rijiya, kuma sunanta aka mayar wa uwar mijin ita Iya.

Almu ya ce, "To, Iya, mene ne sunan?"

"Ni in kama sunan surukata? Ba ka da kunya."

"Ta rasu tun kafin a haife ni."

"Rasuwa ta hana ta zama surukata?"

Duk gidan da Inna Babba muka san surukar, waɗanda suka san na yankan sun bi ta. Almu ya roƙa, ya kawo goro, ya kawo Malam. Iya ta karɓi goron.

Ni na ce a bar ni da matata, don haka nake kiran Iya in ina tsokanarta. Na zauna gabanta ina kiran sunayen mata kamar mai talla. Rakiya, ta harare ni. Maryam, ta ce in tashi. Sadiyya, ta yi tsaki. Da na ce Fadima, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango.

Almu ya zauna daɓas a ƙasa. Na ce masa Fadima kam ko a layinmu za a cika mota da su, kuma ba mai shaidar ita ce ta hoton. Ya ce ya sani. Ya sa Anisa ta aika wa Ba'amurkiyar haka nan, sunan da labarin rijiyar, da cewa iyakar abin da muka samu ke nan.

Yanzu ya koma gindin bedi. Ya sa an wanke hoton, yana cikin zabira tare da asake. In aka tambaye shi wace ce, sai ya ce, "Mai sunan Inna Babba." Shi ma ya daina kama sunan.