Maganin Baba Ɗauka da Layi Ya Shanye

A Abaji, layin da ke bayan injin casar shinkafa, in ka tambayi gidan Dominic sai a yi ta kallonka. Ka ce Baba Ɗauka, yanzu a nuna maka ƙofa. Bakinsa ne bai iya cewa a'a ba. "Baba, fartanyarka." Ɗauka. "Baba, kekenka." Ɗauka. Akwai Lahadin da bai je coci ba don rigarsa ta tafi ɗaurin aure Lakwaja a jikin wani. Matarsa Christiana takan ce da Allah ya yi ta da mariƙi, da ita ma tuni an are ta.

Manomin shinkafa ne, tun bai kai tsayin kara ba yake shiga fadamar bakin Gurara. Ƙafafunsa faka-faka kamar faranti, duga-dugan duk faso, har tsakuwa kan kwana a ciki. 'Yarsa Marvel, mai aikin goge-goge a wani otal a Garki, ta taɓa sayo masa dogon takalmin roba saboda ciwon sugansa. Sau ɗaya ya sa. Ya ce ba ya jin ƙasa, shi da tafin ƙafa yake gane inda taɓo ya yi laushin dashe. Kure ɗan acaɓa, maƙwabcinsa, ya are takalmin a makon.

Daminar bara waccan zazzaɓi ya kama shi da tari. Mai kemis ya ce maleriya da taifot. Ƙaramin asibiti suka ce tarin tibi ne, ya yi wata biyu yana shan maganinta yana ƙara tsotsewa, har wando ya daina zama a ƙugunsa sai da igiya. Da wani ƙurji ya taso masa a cinya kamar ƙwan agwagwa, Marvel ta ɗauki hutu ta kai shi babban asibiti a Abuja. Wata likita, Dakta Bilkisu, ta zuƙi ruwan ƙurjin ta aika gwaji. Bayan kwana biyar ta zo da sunan ciwon, meliyodosis. Baba ya ce ta sake faɗa, ta sake, ya ce to Allah ya ba mai sunan haƙuri.

Ta ce ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin taɓo da ruwan fadama, ta faso ko rauni take shiga, kuma ta fi son masu suga. Tana kama da tibi, shi ya sa ake ruɗewa. Sati uku aka yi ana ɗura masa allura ta jijiya, safe, rana, yamma, har hannuwansa suka rasa wurin soki. Ya tashi kuwa. Ranar sallama ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Allurar nan ta danne ƙwayar ne, ba ta ƙarar da ita ba, ɓuya take yi a jiki. Ga maganin sha na wata uku, huɗu da safe, huɗu da yamma. Ka dawo a duba jininka a ƙara maka. In ka yi wasa ta dawo, ba kowa take bari da rai ba."

"Na ji, Dakta. Yes ma."

Ya dawo gida da leda cike. 'Yan layi suka taru sannu da jiki. Kure ya leƙa ledar, ya ƙyalƙyale.

"Kai, oga! Har cikin Abuja ka kwana ashirin, a ƙarshe Saftirin? Wanda muke jiƙa wa kaji? Da ka faɗa min, ai da na kai ka wajen mai kemis a ɗari biyu."

Aka yi dariya, har shi Baban.

To a layin nan akwai yadda ake yi. Ba mai sayen magani kati guda. Wanda ya dawo daga asibiti da leda, kamar wanda ya yanka akuya ne, kowa na da rabonsa, kuma in naka ya zo kai ma ka bayar. Luba mai ƙosai ce ta fara, hayaƙin itace ya sa ta tari. "Baba, ba ni biyu mana." Washegari ta zo da ƙosai mai zafi, ta ce ta yi barci kamar jaririya. Sai mai gudawa, sai mai ciwon haƙori, sai wanda kajinsa ke gyangyaɗi.

Abin ya dami Baba ta wani gefe. Kowace safiya in ya zuba huɗu a tafin hannu sai ya ji kunya. Luba biyu ta sha ta warke. Shi mutum ɗaya yana haɗiye takwas a rana, jikinsa garau, abinci na shiga, maƙwabta na tari ta bayan katanga. Ya ga wannan haɗama ce. Ya rage zuwa biyu, daga baya ɗaya, ranar da ya tuna.

Christiana ta ɓoye ledar cikin tukunyar garin rogo. Ya tono ta.

"Baban Marvel, likita ya ce naka ne, kai kaɗai! Ka ji da kunnenka!"

"Maman Marvel, mutum ya tsaya a ƙofata yana tari, in ce masa me? Su wa suka nome min gona da ina kwance?"

"To su mutu maka in ciwon ya tashi."

Ranar komawa asibiti ta faɗo cikin satin dashe. Bai je ba. Marvel ta kira, ya ce mata yana shan magani, kuma ba ƙarya ya yi ba, ranar ya sha ɗaya. Cikin sati bakwai leda ta zama fanko. Ya koma taɓonsa, yana ɗaukar damin iri a ka kamar saurayi, 'yan layi na cewa Baba ya fi da ƙarfi.

Shinkafa ta fara ja lokacin da abin ya dawo. Da rana tsaka, yana korar tsuntsaye, sanyi ya buge shi, ya durƙushe a kan kunya. Kure ne ya goyo shi a babur, Christiana ta riƙe shi ta baya. Kafin su samu motar Abuja numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto.

Dakta Bilkisu ta gane shi tun daga ƙofa. Ta dubi Christiana.

"Mama, ya shanye maganin?"

"An shanye, Dakta. Layinmu kaf babu mai tari."

Likitar ta sa aka ɗaura masa iska da ƙarin ruwa, aka koma allura. A waje ta gaya wa Marvel ƙwayar ta shiga jini, ƙoda ta fara tsayawa.

Baba yana jin su sama-sama. Yana so ya ji haushin wani, ya bi fuskokin layin ɗaya bayan ɗaya, bai samu wanda ya ƙwace masa ba. Duk da hannunsa ya miƙa. Kure ya shigo ya tsaya a gefen gado yana murza hularsa. Baba ya ɗaga robar hancinsa.

"Kure, yau ba tsiya?"

Kure ya juya ya fita baranda.

Ranar Alhamis kafin azahar Dominic ya cika, yana da shekara hamsin da takwas. Aka binne shi Asabar a bayan cocinsu. Shinkafar ba ta samu mai yanka da wuri ba, ruwan ƙarshe ya kwantar da rabinta, ta tsiro a zangarniya.