Akwatin Gawar da Fulgencio Ya Cire wa Gindi

Fulgencio Brazobán kafinta ne, kuma rabin mutanen da ke kwance a maƙabartar Los Guayos, gabas da San Pedro de Macorís, a cikin katakonsa suke. Ba mutum ne mai fara'a ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsunsa biyu na dama sun karkace tun zamanin da yake tsugunawa bayan mai kulki yana cafe ƙwallo a wasan pelota, wanda ake jefo ƙwallo a doke shi da kulki. A bukkokin masu saran rake aka haife shi. Ya sari rake har ya fara gemu, sannan wani tsoho ya ga yadda yake sa wa adda ƙota, ya ce ya zo ya koyi aikin katako. Ya auri Eufemia, suka haifi mata huɗu, sai auta namiji, Yovanny. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba, don mutuwa ba ta hutu.

Aiki ɗaya ne yake yi da murmushi. Duk shekarar da 'Yan Shaho, ƙungiyar garin, suka kai wasannin ƙarshe, sai ya ƙera akwatin gawa cikakke, ya shafe shi da launin abokan karawa, ya rubuta a murfin sunan wanda zai buɗe musu jifa a wasan farko. Sai a ajiye shi a ƙofar kantin Doña Tatica. In aka ci kofi, a zaga gari da shi ana kukan ƙarya da ganguna. In aka sha kashi, a faskara shi a dafa nama.

Bana 'Yan Kada na ƙetaren kogi za a kara da su, kuma a can Yovanny yake jifa, tun da kocin 'Yan Shaho ya dube shi ya ce ya cika sirantaka. Akwatin ya riga ya sha koren fenti a shago. Suna kawai ya rage. 'Yan Kada kuwa majefa biyu gare su da za su iya buɗe wasa: tsohon bahagon nan Pascual, da Yovanny.

Ranar Juma'a da la'asar ana buga domino a ƙofar kantin, sai gardama ta tashi.

"Bahagon za su sa," in ji Mingo ɗan acaba. "Tun ina rarrafe shi yake buɗe musu."

"Shi ya sa ba za su sa shi ba," in ji Chago mai aski, wanda ya riƙe Yovanny ranar baftisma, shi ya sa yake kiran Fulgencio Compadre. "Jifansa yanzu, sai ka kunna sigari ka zuƙa sau biyu kafin ƙwallon ya iso."

"Ai ba gudu ake nema ba, dabara! Ƙwallon tsohon nan yakan taho kamar zai gaishe ka, kana miƙa kulki ya lanƙwashe ya bar ka kana dukan iska."

"Kai da ko mangwaro ba ka taɓa jefowa ba? Yi mana shiru. A tambayi mai fenti. Compadre, wa za ka rubuta?"

Duk aka juyo. Shekara da shekaru maganar Fulgencio ce ke kashe irin wannan gardama, don shi ya tsuguna ya ga jifa ido da ido. Ya daɗe yana juya ƙwayar domino a hannu.

"Pascual," ya ce. "Yaron nan bai nuna ba. Jifa uku masu kyau, na huɗu ya tafi korar kaji a bayan fili."

Chago ya saki baki. "Compadre! Makon jiya a kujerata ka ce ba a taɓa haihuwar hannu irin nasa a gaɓar kogin nan ba."

"Makon jiya na sha giya."

Doña Tatica ta leƙo ta saman kanta. "Ku ƙyale shi," ta ce. "Ba hannun yaron yake raina ba. Buroshi yake tsoro."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Fulgencio yakan ce bai yarda da camfi ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Amma da wannan buroshin, da irin waɗannan haruffan, yake rubuta sunaye a kan gicciyen kaburbura. Sana'ar kuma ta bar masa wani ciwo: ba ya iya kallon mutum bai auna shi da ido ba. Ya san tsawon ɗansa ba tare da ya taɓa ɗora masa awo ba, ya kuma san koren akwatin da ke shago daidai da shi yake, har da sararin kafaɗa.

Ranar Lahadi Yovanny ya ƙetaro cin abincin uwarsa. Ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa.

"A sa mini albarka, Papá."

"Allah ya yi maka albarka."

Sai da ya cinye dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai, ya ƙara, sannan ya ce, "An ce ka ce ina korar kaji."

"Mingo ne ya kai maka? Bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu."

"Ni zan buɗe ranar Talata. Jiya koci ya faɗa."

Fulgencio ya ji daɗi har kunnuwansa suka yi zafi, sai kuma ya tuna da koren akwatin.

"To, sai a kai akwatin haka, ba rubutu."

"A'a, Papá. Duk wanda ya taɓa yin suna a yankin nan, sunansa ya hau murfinka. Pascual har yau yana alfahari da cewa ka binne shi sau uku. Ba a rubuta sunan wanda ba a tsoro. In ka bar shi fayau, 'yan ƙungiyarmu za su ce ko ubansa bai ɗauke shi majefi ba."

Eufemia tana kwashe kwanuka. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In ka rubuta sunan ɗana a akwatin gawa, ka nemi inda za ka riƙa kwana. In kuma ka kunyata shi, ka ji da shi."

"To ya kike so in yi, mata?"

"Ni ce kafintan?"

Litinin da safe ya buɗe shago ya tsaya a kan akwatin. Da farko zarto ya ɗauka, da niyyar ya rage tsawon yadda ba zai ɗauki Yovanny ba. Har ya ja layi. Sai ya ja da baya ya dubi abin da zai rage, ya ga akwatin ƙaramin yaro ne. Ya ƙera irinsu da yawa a shekarun annobar gudawa, ba ya son tunawa. Ya ajiye zarton.

Ya zagaya akwatin, ya sake zagayawa. Sannan ya kifar da shi, ya ɗauko guduma, ya zare ƙusoshin gindin ɗaya bayan ɗaya, ya jingine katakan a bango. Ya miƙar da akwatin, ya tsoma buroshi a farin fenti, ya rubuta YOVANNY da haruffan da suka fi na kowace shekara girma.

Da aka zo ɗauka, Chago ya ji ba nauyi. Ya ɗaga murfin, sai ya ga takalmansa.

"Compadre, ina gindin?"

"Yana shago."

"To ina za mu zuba ƙanƙara da kwalabe ranar zagaye?"

"Ka rungume su."

"Ai wannan ba akwati ba ne!"

"Kai za ka koya mini akwati? Ga murfi, ga suna. Duk wanda aka sa a ciki, ƙasa zai faɗo, ya kakkaɓe wandonsa ya tafi gida."

Eufemia ta biyo ta ƙofar kantin a hanyarta ta kasuwa. Ta karanta sunan, ta ɗaga murfin, ta zura hannu har ta taɓa ƙasa. Ta sake karanta sunan. Sannan ta dubi mijinta ta ce harafin ƙarshe ya karkace, ta wuce.

Mingo ya baje domino a tebur. "To, mu kuma wa zai buɗe mana? Ni dai na ce Nelson."

"Ku sa wanda kuka ga dama," in ji Fulgencio, yana jan kujera. "Ranar Talata ba mai taɓa ƙwallon yaron nan."

"Wai kai Shaho ne ko Kada?"

"Shaho mana. Za mu ci sauran. Raba domino."